Idon da Ba Ya Ƙyalli

Duk wanda ya taɓa haska kyanwa da tocila cikin dare ya ga yadda idonta ke ƙyalli. Wata 'yar shimfiɗa ce can cikin idon ke dawo da haske, kuma yawancin dabbobin dare suna da ita. Tarsiya ba ta da ita, alhali ba ta fita sai rana ta faɗi.

'Yar mitsitsiyar dabba ce, tafin hannu ya ishe ta zama. Mazauninta dazuzzukan Filifin, Borniyo, Sumatara da Sulawesi. Faɗin kowace ƙwayar idonta ya kai milimita 16, kusan girman ƙwaƙwalwarta ke nan. Idon ba ya motsi a gurbinsa, sai dai ta murɗa kai har ta kalli bayanta. Ba ruwanta da ganye ko 'ya'yan itace. Takan lafe a jikin reshe, ta kasa kunne, sai ta daka tsalle ta cafke fara ko ƙadangare, wani lokaci har ƙaramin tsuntsu.

Masana sun daɗe suna jera ta cikin dangin lemur na Madagaska da galago na Afirka, tunda ga manyan idanu, ga yawon dare. Amma kama da wane ba wane ba ne. Hancin waɗancan a jiƙe yake, nata kuwa busasshe ne irin na biri. Jikinta ba ya iya haɗa wa kansa bitamin C, haka ma biri. Idon galago na ƙyalli, nata ba ya yi, kuma wasu masana na ganin rashin shimfiɗar nan ne ya sa idon ya yi wannan girma. Binciken ƙwayoyin gado ya zo ya ajiye ta a ɓangaren birai. A ganina laifin gaggawa ne: ido ya tsone wa kowa ido, aka manta da hanci.

A 2010 masana biyu, Colin Groves da Myron Shekelle, suka raba ta gida uku, na Filifin suka raɗa masa suna Carlito, don girmama Carlito Pizarras, mai kula da ita a tsibirin Bohol. Tarsiya dai ba ta jure keji. In ta takura takan yi ta buga kai har ta hallaka. Shi ya sa a gandunta na Corella, can a Bohol, aka hana baƙi taɓa ta ko haska ta da fitilar kyamara.