Darasi na 9: Zaɓen Hanyar Koya wa Ƙananan Yara a Gida

Karatu: Kubawar Shari'a 6:4-9, Farawa 33:12-14, Afisawa 6:4

Iyaye da yawa a cikin ekklesiya suna so su fara koya wa 'ya'yansu karatu a gida, waɗansu domin makaranta ta yi nisa, waɗansu kuwa domin suna so yaro ya kafu tun bai fita ba. Tambayarsu ita ce, wace hanya ce ta fi kyau? Littafi Mai Tsarki bai tsara mana sa'o'in karatu ba, amma ya ba mu ma'auni.

1. Mai koyarwa shi ne farkon darasi

Ku lura da yadda Musa ya jera maganarsa. Ya fara da zuciyar iyaye, sa'an nan ya zo kan 'ya'ya. Bai ambaci aji ko allo ba. Ya ambaci zaman gida, da tafiya a hanya, da lokacin kwanciya, da na tashi. Uwa ba ta iya ba da abin da ba ta da shi. Timothawus ya san Littattafai tun yana jariri, gama bangaskiya ta riga ta zauna a cikin kakarsa Lo'is da uwarsa Afniki.

2. Hanyoyi uku da aka gwada

Susanna Wesley, matar wani fasto a garin Epworth na ƙasar Ingila, ta bi hanyar tsari. Idan yaro ya cika shekara 5, sai ta zauna da shi ya koyi baƙaƙe, sa'an nan ya fara karatu daga sura ta fari ta Farawa. Sa'a 6 suke yi kowace rana. Ta hana a koya wa 'ya mace ɗinki sai ta iya karatu sosai. Ta kuma keɓe wa kowane yaro lokacin ganawa da ita shi kaɗai. Daren Alhamis na John ne, wanda aka haifa a 1703, wanda daga baya Allah ya tashe shi mai wa'azi.

Charlotte Mason, ita ma a Ingila, ta fitar da littafinta a kan koyarwar gida a 1886. A ganinta darasin ƙaramin yaro kada ya wuce minti 15 ko 20. A karanta masa labari mai kyau sau ɗaya, shi kuwa ya maimaita da bakinsa. Sauran yini ya fita waje ya duba tsuntsaye da itatuwa.

Maria Montessori, likita ce a ƙasar Italiya. A 1907 ta buɗe gidan yara a wata unguwar matalauta ta birnin Roma. Ta ga yaro yana koyo da hannunsa: ya shafa baƙaƙe masu kaushi da yatsa, ya ƙirga 'yan duwatsu, ya zuba ruwa, ya share ɗaki.

Ba ɗaya daga cikin hanyoyin nan da ta zama doka daga sama. Kowace tana da amfani, kowace kuma tana iya zama kaya mai nauyi idan an ɗora ta a kan wanda bai isa ɗauka ba.

3. Ma'aunin Yakubu

Sa'anda Isuwa ya ce su tafi tare, Yakubu ya ƙi. Ya ce yaran ba su da ƙarfi, tumaki da shanu kuma suna shayarwa. Idan aka kore su da sauri ko da yini ɗaya ne, garken zai hallaka. Sai ya bi a hankali, gwargwadon tafiyar yaran. Wannan shi ne ma'auninmu. Uban da ya tilasta wa ɗan shekara 4 zaman sa'a 6 domin ɗan maƙwabci ya riga ya iya karatu, ya cusa masa fushin da Bulus ya gargaɗe mu a kansa. Yaron da aka koya masa baƙaƙe da bulala, yakan tsani littafi, har da Littafin Allah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfi ya karya.

Saboda haka ku dubi yaron da Allah ya ba ku. Mai son labari, ku ba shi labari. Wanda ba ya iya zama, ku sa masa tsakuwa a hannu ya ƙirga, ya rubuta a ƙasa da tsinke. Ku zaɓi abin da za ku iya riƙewa kowace rana, har a tsakiyar damina, gama rabin sa'a kullum ya fi yini guda sau ɗaya a wata. Ku tuna kuma, dokar Nijeriya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su ga yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare. Koyarwar gida tushe ce, ba hujjar riƙe yaro a gona ko a kasuwa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa Musa ya fara da zuciyar iyaye?
2. Wace hanya ce ta dace da ƙaramin yaron gidanku? Don me?
3. Yaya ekklesiya za ta taimaki iyayen da ba su iya karatu ba?

Ayar haddacewa: Afisawa 6:4

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ba mu haƙurin Yakubu, mu bi da 'ya'yanmu a hankali har su kai gare ka. Cikin sunan Yesu Kristi. Amin.