Nuhu Bai Jira Hadari Ba

Karatu: Ibraniyawa 11:7

Ɗan'uwa, sau nawa ka ji gargaɗin ambaliya na hukumar NiMet a rediyo, ka ce, "Ba rabona ba ne," ka koma barci? Furcin yana da kyau, amma Nuhu da gatari ya amsa gargaɗin Allah, tun sama tana garau.

Gulbin Gagare na Ƙaura Namoda da Bunsuru na Zurmi duk wajen Shinkafi suke gangarawa. Ko ba a yi yayyafi a garinku ba, suna iya cika cikin dare a watan Agusta. Yashe magudana, ɗaga hatsi, fitar da yara daga ɗakin ƙasa da ya tsage. Leƙa gwauruwar nan maƙwabciyarka.

Addu'a: Ya Uba, ba ni kunnen ji, ka tsare gidajenmu a daminar bana, cikin sunan Yesu. Amin.