Irmiya Ma Ya Rubuta Takarda

Karatu: Irmiya 32:6-15

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ga tambayar yau. Idan wanda kuke sujada tare ya kawo maka fili, ka ce sai ka ga takarda, ka zarge shi ke nan? Ka kāsa a bangaskiya?

Na san wani ɗan'uwa mai sayar da rodi a kasuwar Ƙofar Ruwa. Shekara shida yana zubin adashi domin ya fita daga gidan haya. Wani dattijo a ikilisiya ya nuna masa fuloti awon igiya a bayan gari, da araha. Suka yi addu'a a kan filin, ya ba da kuɗi, ba shaida, ba rubutu. Ya ce mini ya ji kunyar tambaya. Yana kai bulo sai ga mata biyu da yaransu. Ashe filin gado ne, ba a raba ba, mutum ɗaya cikin magada ya sayar wa dattijon. Shi ma dattijon bai sani ba. Kuɗi ya tafi, yau kuma mutanen biyu ba sa zama a benci ɗaya.

Yanzu dubi Irmiya. Sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kansa yana tsare. Allah ne ya ce ya sayi gonar Anatot, mai sayarwa kuwa Hanamel ne, ɗan baffansa. Wa ya fi shi dalilin cewa ba sai an yi rubutu ba? Duk da haka ya auna azurfa shekel 17 a ma'auni, ya sa hannu, ya kira shaidu. Takardar biyu ce, ɗaya da hatimi, ɗaya a buɗe. Ya danƙa wa Baruk, ya ce a sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Mutumin da ya ji muryar Allah da kunnensa bai ga takarda a matsayin raini ga Allah ba.

Takarda ba don kana zargin ɗan'uwanka ake yin ta ba. Ana yin ta domin mutum yana mantuwa, yana mutuwa, shi ma ana iya ruɗinsa. 'Ya'yanka da nasa ba su ji addu'ar da kuka yi a filin ba. Abin da aka rubuta kaɗai za su tarar.

Saboda haka kafin ka ba da ko kafin alƙalami, je wurin mai unguwa da maƙwabtan filin, ka tambayi asalinsa. In na gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har gwauruwa da marayu. Arahar da ta fito daga haƙƙin maraya ba albarka ba ce, ko ka fitar da zakkarta. Kai takardar ofishin KANGIS a duba ta, domin tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna ne bisa amana. Nemi izinin gini a KNUPDA kafin ka sayi siminti. Je ka ga filin a watan Agusta, gama kududdufin da aka cike da shara kyakkyawa ne da rani. Guji badala, maƙabarta, filin makaranta da hanyar ruwa. Ka tuna rusau na watan Yunin 2023, lokacin da shagunan Filin Idi suka zama ɓaraguzai. Kuma dillalin da ya ce sai yau ko ka rasa, bar shi ya tafi da la'adarsa.

Kai mai sayarwa, kada ka jira a tambaye ka. Fito da takardar da kanka, ka faɗi aibin filin. Ka sauke wa ɗan'uwanka nauyin kunya, wannan ma ƙauna ce.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hikima in bincika, ka tsare hannuna daga haƙƙin wani. Ka gyara zumuncin da cinikin fili ya ɓata a cikin ikilisiyarka. Cikin sunan Yesu, amin.