Wa Ke da Alhakin Mai Taɓin Hankali?

A garuruwanmu akwai ɗakunan da ba a buɗe wa baƙo. A ciki akwai saurayi da mari a ƙafa, ko yarinya mai farfaɗiya da aka hana zuwa makaranta. Uwar da ta rufe ƙofar tana ƙaunar ɗanta. Ta gaji ne, tana tsoron ya ji wa wani rauni, kuɗin magani ya ƙare, maƙwabta kuma sun zura ido. To, laifin wa ne? Alhakin wannan bawan Allah yana wuyan iyalinsa kaɗai, ko na asibiti, ko kuwa namu duka?

Wani gari mai suna Geel a ƙasar Beljiyam ya daɗe da ba da tasa amsar. Bisa ga labarin da aka gada, a can aka kashe Dimfina Mai Tsarki, 'yar wani sarki daga Ailan, da hannun mahaifinta wanda hankalinsa ya gushe. A shekara ta 1349 aka soma gina coci da sunanta, jama'a suka riƙa kawo masu ciwon hauka domin addu'ar kwana tara. Da ɗakin jinya na cocin ya kasa ɗaukarsu, sai mutanen garin suka soma saukar da su a gidajensu. Waɗansu suka zauna har ƙarshen ransu, suna zuwa gona, suna cin abinci tare da masu gida. A 1938 irin waɗannan baƙi sun wuce 3,700. Yau sun ragu ƙwarai, amma al'adar tana nan: asibitin garin yana zaɓen iyalai, yana ba su ɗan tallafi, ma'aikatan jinya kuma suna kai ziyara.

Kada mu ce wannan sai Turawa. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya yi irin wannan a Aro, kusa da Abeokuta. Marar lafiya yakan sauka a gidan wani a ƙauye tare da ɗan'uwansa ɗaya, da rana ya je asibiti, da yamma ya koma cikin mutane.

Hikimar da ke ciki ita ce, magani yana kwantar da ciwo, amma wanda ba a gaishe shi, ba a aike shi, ba a kiransa da sunansa, ya rasa abin da babu ƙwayar da za ta mayar masa. Darajar mutum ba ta rataya ga lafiyar ƙwaƙwalwarsa ko ƙarfin ƙafafunsa ba; Allah ne ya ba shi ita tun a halitta. Mu tuna da mutumin nan na makabarta a cikin Bisharar Markus, wanda aka sha ɗaurewa da sarƙoƙi. Bayan Yesu ya warkar da shi, gida ya aike shi, wurin mutanensa.

Wani zai ce, “Fada, ai akwai wanda yake da haɗari.” Gaskiya ne, ba za mu ɓoye ba. Akwai lokacin da ciwo yakan tsananta har sai an kwantar da mutum a asibiti, kuma duk wanda ya hana shi magani da sunan addu'a ya zalunce shi. Amma a Geel da Aro ba a raba gida da likita ba. An raba kayan ne tsakanin mutane da yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sau da yawa mari yana shiga ƙafa ne a ranar da iyali suka ga an bar su su kaɗai. Saboda haka mu da muka yi shiru muna da rabo a cikin laifin.

Doka ma ta matsa gaba. A Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, a Janairun 2023 kuma aka sanar da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sai dai doka ba ta zama da marar lafiya domin uwarsa ta je kasuwa. Wannan aikin maƙwabta ne.

Don haka bari kowace ikilisiya ta san gidajen da ke ɗauke da wannan nauyi. Zumuntar mata su karɓi jinya ko da yini ɗaya a mako. Matasa su raka marar lafiya asibiti ranar karɓar magani, su kuma hana yara jifansa. Mai shago ya koya wa kurma sana'a. A gyara ƙofar coci yadda keken gurgu zai shiga. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Allah ya ba mu zuciyar ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe. Amin.