WASAN KWAIKWAYO DA HARAMCIN IZGILI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, maganarmu ta wannan mako tana kan samarin da ke haɗa kansu su shirya wasan kwaikwayo don wayar da kan jama'a, ba don neman riba ba, musamman 'ya'yanmu na Jega da Aliero da Maiyama waɗanda suka fara ɗaukar alƙalami suna rubuta wasanni na kansu.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun gaji tashe a watan azumi da wasan gauta bayan kaka. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar zalunci da cutar baƙauye a kasuwa. Alhaji Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa don koyar da tsabta, Malam Shu'aibu Maƙarfi kuma ya kawo Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu. A ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa fita ƙauyukan da ke kewayen Zariya suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu. Malamai sun saɓa game da hukuncin kwaikwayo, wasu sun hana, wasu sun halatta da sharuɗɗa. Masu halattawa sukan kawo hadisin Habashawa da suka yi wasa da masu a masallacin Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yana tsaye Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Amma babu malami ko ɗaya da ya halatta a wulaƙanta bawan Allah don a ba taro dariya.

To, a nan gizo ke saƙa. Sau da yawa idan marubuci ya ga wasansa ya yi sanyi, sai ya shigo da ɗan daudu. A sami wani ya ɗaura zane, ya karya murya, ya riƙa tafa hannu yana rangwaɗa, taro ya fashe da dariya. Kashegari yara su je tasha ko bakin kasuwa inda wani ke sayar da abincinsa, su yi ta kwaikwayon abin da suka gani, wani lokaci har da jifa. Wanda ya rubuta wasan yana gida yana barci, alhali kuwa yana da kamasho a cikin kowane dutse da aka jefa.

Hukuncin shari'a a kan namiji ya kamanta kansa da mace da gangan sananne ne, Buhari ya ruwaito hadisin hani daga Ibnu Abbas. Hukuncin alfasha ma ba ɓoyayye ba ne. Sai dai ilmi bai tsaya nan ba. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya kasa irin waɗannan mutane kashi biyu. Akwai wanda haka Allah Ya halicce shi, da taushin murya da motsi irin na mata, bai ƙirƙira ba. Wannan babu zargi a kansa, babu zunubi. Akwai kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Sai mai wasa ya tambayi kansa: shi da ya ɗaura zane ya karya murya don a yi dariya, a wane kashi ya faɗa? Ashe mai izgilin ya fi kusa da hanin bisa ga wanda ake yi wa.

A Madina ma akwai irin waɗannan mutane. Ɗayansu yakan shiga gidan Ummu Salama, sai da aka ji yana siffanta wata mace ta Ɗa'ifa ga maza, sannan aka hana shi shiga wurin mata. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wani da ya yi lalle hannu da ƙafa, aka fitar da shi bayan gari, amma da aka nemi izinin kashe shi Annabi ya ƙi, saboda an hana shi kashe masu salla. Wato shugaba ne ya yi hukunci gwargwadon abin da ya bayyana, ba a bar wa 'yan kallo ba. Haka nan Buhari ya kawo labarin wani sahabi mai ba Annabi dariya, wanda aka sha yi wa bulala saboda giya. Da wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa.

Sannan a duba Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12. Allah Ya hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, domin mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi alheri a wurinSa. Ya hana jifa da munanan laƙabi, da mugun zato, da bin diddigin asirin mutane. A Suratun Nuri, aya ta 4, an yanka bulala 80 ga mai ƙazafin da bai kawo shaidu 4 ba, malaman Malikiyya kuwa sun shigar da jifan namiji da luwaɗi cikin wannan babi. Saboda haka wanda ya siffanta wani sananne a gari a cikin wasa, har kowa ya gane wa ake nufi, ba zai kuɓuta da cewa wasa ne ba.

A ƙasashen Turawa an sami ƙungiyoyin wasa da masu neman jinsinsu suka kafa don ba da labarin kansu, irin su Gay Sweatshop a Landan a 1975 da Theatre Rhinoceros a Amurka a 1977. Tafarkinsu daban ne da na shari'armu, dokar Nijeriya ta 2014 ma ta hana kafa ƙungiyoyi irin waɗannan. Amma mai hankali zai lura cewa cikin abin da ya tura su har da gajiya da yadda aka daɗe ana nuna su abin ba'a kawai. Ba a taɓa jawo mutum zuwa ga Allah da wulaƙanci ba. Wanda aka kora daga sahu da dariya, wa zai yi masa nasiha?

Ya kai sabon marubuci, ga ka a ƙasar Gwandu, ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, inda aka san darajar alƙalami. Ɗauki darasi daga masu ɗorin Aliero, da ake zuwa wurinsu daga nesa: ba su yi wa mai karaya dariya, kama ƙashin suke yi su daidaita. Idan labarinka ya biyo ta kan ɗan daudu, nuna shi mutum mai uwa da uba, mai neman abinci, mai fatan rahamar Ubangijinsa. Abin ba'a kuwa bai ƙare ba: ga mai tauye mudu, ga mai ɓoye ruɓaɓɓiyar albasa a gindin buhu, ga mai cin dukiyar maraya. Ka soki hali, ka suturta mai shi, kuma ka kai rubutunka gaban malami mai fahimta kafin ka kai shi dandali.

Allah Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu daga cin mutuncin bayinSa, Ya suturta mu duniya da lahira, amin. Wassalamu alaikum, sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.