Denis Ten da Madubin Mota

Wasan zamiya a kan ƙanƙara na mutanen ƙasashen sanyi ne, mu sai dai mu gani a talabijin ko a waya. Ɗan wasa yana ɗaura takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasansa, ƙarfen da kaurinsa bai wuce 'yan milimitoci ba, a sa masa kiɗa, ya shiga fili yana shawagi yana juyi. Akwai tsallen da mutum zai kewaya sau huɗu a iska cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sannan ya dira da ƙafa ɗaya yana tafiya da baya. Alƙalai suna gefe suna ba da maki. A shekarun da nake magana a kansu, babban zagayen maza minti huɗu da rabi ne kacal. Saboda waɗannan mintoci yaro yake sallama ƙuruciyarsa, yana tashi tun duku-duku, yana faɗuwa yana miƙewa, shekara da shekaru.

Denis Ten yana cikin waɗanda suka yi wannan ciniki. An haife shi a Almaty ta ƙasar Kazakistan ranar 13 ga Yuni, 1993. Asalinsa Koriya ne, daga cikin al'ummar da gwamnatin Stalin ta kwashe daga gabashin Tarayyar Sobiyet a 1937, aka loda su a jiragen ƙasa aka zube su a tsakiyar Asiya. Cikin kakanninsa akwai Min Geung-ho, kwamandan da ya yaƙi mamayar Japan har aka kashe shi a 1908. Lokacin da Denis ya fara wasa, Almaty ba ta da wadatattun filayen ƙanƙara masu rufi. A fili buɗaɗɗe ya fara, cikin tsananin sanyi, daga baya ya koma ɗan ƙaramin fili a cikin wani katafaren kanti, masu sayayya suna wucewa suna kallonsa. Bai gama zama saurayi ba aka kai shi Mosko neman horo. A 2010 kuma ya tsallaka Amurka, wurin wani dattijon koci mai suna Frank Carroll a Kalifoniya.

Wahalar ta biya. A gasar duniya ta 2013 a Kanada ya zo na biyu, maki ɗaya da ɗan ɗori ne tsakaninsa da zakara Patrick Chan, kuma a babban zagayen shi ne ya fi kowa. Ba a taɓa samun ɗan Kazakistan da ya hau wannan dandamali ba kafin shi. Shekara ta zagayo aka je gasar Olamfik ta hunturu a Sochi. Bayan zagayen farko yana matsayi na 9, kusan kowa ya cire shi daga lissafi. Washegari ya shiga ya yi abin da ya iya, na gabansa suka yi ta tuntuɓe, sai ga shi na uku a bayan Yuzuru Hanyu da Chan. Wannan tagulla ita kaɗai ce lambar da ƙasarsa ta koma gida da ita daga Sochi. Yana da shekara 20. A 2015 ya ci zinare a gasar Nahiyoyi Huɗu a birnin Seoul, ƙasar kakanninsa, ya ƙara da tagulla a gasar duniya a Shanghai.

Idan na kalli hotunan wannan lokaci, jikin nake fara gani. Ƙafa mai ƙarfi, ƙugu mai laushi, numfashi isasshe, fuskar da ba ta san tamoji ba. Duk wanda ya taɓa zama saurayi ya san wannan yanayi, ko da bai taɓa ganin ƙanƙara ba: ka kwana kana aiki ka wayi gari garau, ka ɗauka haka za a dawwama. Ni ma na ɗauka. Amma aro ne, kuma mai kaya ba ya sanar da ranar da zai karɓa. Shi Denis tun yana raye aka fara karɓa. Raunuka suka yi ta bin sa, idon sawunsa ya samu matsala, ya je Olamfik ta 2018 a Pyeongchang da ciwo a ƙafa, ya ƙare na 27, ko babban zagayen bai samu shiga ba. Shekara huɗu ne tsakanin na 3 da na 27. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Akwai abin da ake yi a filin wasan nan da ya fi tsaya mini a rai. Duk wanda ya shiga, ƙarfen takalminsa yana zana layuka a kan ƙanƙara, inda ya yi juyi a ga da'ira, inda ya caka tsinin takalmi don tsalle a ga ɗan rami. Bayan 'yan wasa kaɗan sai a shigo da wata mota, ta kankare saman, ta malala ruwan ɗumi, ya daskare. Kafin minti ashirin fili ya koma sumul. Sawun zakara da sawun wanda ya sha ƙasa, duk tafiya ɗaya ake share su, a kira rukuni na gaba.

Duk da haka saurayin bai karaya ba, yana da abubuwan da ya sa a gaba. Yana shirya bikin wasan ƙanƙara a ƙasarsa, yana gayyato taurarin duniya don yaran Kazakistan su gani da idonsu. Ya tsaya wa Almaty lokacin da ta nemi karɓar baƙuncin Olamfik ta 2022, wadda Beijing ta samu da ƙuri'a 44 da 40. Yana karatu, yana ɗaukar hoto, har ya fara rubuta labarin fim. Mutum ne mai gobe da yawa a aljihu, kamar ni, kamar kai.

Ranar Alhamis, 19 ga Yuli, 2018, da rana tsaka, a tsakiyar Almaty, ya tarar da wasu mutum biyu suna ƙoƙarin ɓalle madubin motarsa. Aka yi sa-in-sa, aka kai ga kokawa, aka soke shi da wuƙa a cinya. Babbar jijiyar jini ta tsinke. Ya zubar da jini kimanin lita 3. Likitoci suka yi iya yinsu, bayan 'yan sa'o'i rai ya yi halinsa. Wata ɗaya da kwana shida ke nan da cikarsa shekara 25.

Madubin mota. Zuciya tana so ta tsaya a nan ta yi gardama, ta ce ina ma ya bar musu, ina ma ya makara da minti biyar, ina ma ya ajiye motar a wani titi. Na san wannan gardama, ana yin ta a kowane zaman makoki, a hankali, bayan an shafa addu'a. Amma sanadi daban, ajali daban. Sergei Grinkov na Rasha, mai zinaren Olamfik biyu a wasan mutum biyu, babu wanda ya ɗaga masa hannu. A Nuwamban 1995 yana tsakiyar atisaye da matarsa a Lake Placid ya yanke jiki ya faɗi a kan ƙanƙara, zuciya ta tsaya, yana da shekara 28. Shi kuwa Frank Carroll, wanda ya girmi Denis da fiye da shekara 50, sai da ya ga mutuwar ɗalibinsa, ya ƙara shekara shida, ya rasu a 2024 yana da 85. Ba a bin layi.

Ba ina cewa wahalar Denis ta tafi a banza ba. Ya buɗe wa yaran ƙasarsa ƙofa, ana gudanar da gasa da sunansa tun 2019, an kafa masa mutum-mutumi kusa da inda abin ya faru. Nema halal ne, ƙwarewa baiwa ce. Abin da nake tambayar kaina shi ne nawa ne daga cikin abin da nake wa gudu zai bi ni idan aka ɗauke ni a kafaɗa. Makin da alƙalai suka rubuta yana nan a takarda. Tagullar tana nan a hannun magada. Hisabinsa yana wurin Mahaliccinsa, ba ni da ta cewa a ciki, nawa ne ya kamata ya hana ni barci. Shi ya san ranar kowace gasa tun shekara guda kafin ta zo, ya yi mata shiri. Ranar da ta fi su duka ba a sa ta a jadawali ba, tawa ma ba a sa ba.

Ranar Asabar ta makon da ya rasu, dubban mutane suka cika zauren wasanni na Baluan Sholak don yi masa bankwana. Iyayensa suna wurin. Su suka raka shi, ba shi ya raka su ba.

A Janairun 2019 kotu ta yanke wa mutanen biyu da suka yi kisan ɗaurin shekara 18 kowanne. Su ma samari ne, sa'o'insa. Idan Allah Ya ja kwanansu, za su fito sun haura arba'in, ƙuruciyar ta ƙare a bayan katanga. Idan kuma bai ja ba, a can za ta same su.