Dawaki Dubu, Linzami Ɗaya

Har yau da doki ake auna ƙarfin injin mota. Motar Bugatti Veyron da ta fito a shekarar 2005 tana da ƙarfin doki 1,001, kuma gudunta ya haura kilomita 400 a awa guda. Duk wanda ya taɓa ganin mahayi ya saki ingarma a sukuwar hawan sallah, ƙura na tashi, ƙasa na girgiza, ya san abin da doki ɗaya ke iya yi. To ina ga dubu a ƙarƙashin tafin ƙafar mutum guda? Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya halatta wa mai hankali ya so irin wannan ƙarfi, har ya riƙa fita da shi kullum a titin da yara ke tsallakawa zuwa makaranta?

Adalci ne mu fara sauraron masoyin motar. Ba kowane mai sha'awar motar tsere ne ɗan fariya ba. Akwai wanda abin da ke burge shi shi ne aikin hannu da na tunani: yadda sitiyari ke amsa ɗan motsin yatsa, yadda taya ke riƙe kwalta a kwana, yadda injin ke sauya murya idan an ƙara giya. Motar Porsche 911, wadda aka fara nunawa a birnin Frankfurt na Jamus a 1963, ta yi suna ne domin ana iya zuwa ofis da ita da safe, a kuma shiga filin tsere da ita ranar hutu. Masu irin wannan ra'ayi suna ganin cewa kulle mota a gareji, a lulluɓe ta ana jiran kuɗinta ya tashi, cin amanar maƙeranta ne. Suna da gaskiya a nan. Dokin da aka ɗaure a turke shekara da shekaru ana kallon kyansa an zalunce shi, kuma mai shi ba mahayi ba ne, mai tsaron dukiya ne kawai.

Sai dai so hana ganin laifi. Titi ba na mai mota kaɗai ba ne. Wanda ya shiga filin tsere na Nürburgring, inda ake barin jama'a su biya kuɗi su zagaya hanyar da ta ɗan haura kilomita 20, ya yarda da haɗarin da kansa, haka ma duk wanda ya tarar a ciki. Amma tsohuwar da ke dawowa daga kasuwa ba wanda ya nemi yardarta. Lissafi kuma ba ya sassauta wa kowa: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya tana ninkawa sau huɗu, idan ya ninka sau uku, sai ta ninka sau tara. Ingancin birki yana rage tazarar, amma bai isa ya soke wannan ƙa'ida ba, kuma ba ya ƙara wa idon direba saurin gani.

Jamusawa, waɗanda wasu sassan manyan hanyoyinsu ba su da iyakar gudu sai shawarar kilomita 130, sun ga wannan da idonsu. A watan Fabrairun 2016 wasu samari biyu suka yi tsere cikin dare a tsakiyar birnin Berlin, suna keta jar danja da gudun da ya wuce kilomita 150, a inda doka ta tsaya a 50. Ɗayansu ya daki motar wani dattijo mai shekara 69, ya mutu nan take. Shari'ar ta yi shekaru tana hawa da sauka, a ƙarshe babbar kotun ƙasar ta tabbatar wa wanda ya yi karon laifin kisan kai. A 2017 kuma aka mayar da tsere a titin jama'a laifin da ke iya kai mutum gidan yari. Ƙasar da ke ƙera waɗannan motoci, take kuma alfahari da su, ita ce ta ce akwai gudun da ya daina zama ganganci ya koma raina ran ɗan Adam.

Wani zai ce, in haka ne, mene ne amfanin mallakar ƙarfin da ba za a taɓa sakinsa a gari ba? Ai ɓarna ce. Ni kuwa ina ganin a nan darajar abin take. Ba a yabon haƙurin wanda ba shi da ikon ramawa. Ana yabon wanda yake da iko ya kuma haƙura. Mai ƙaramar mota da ke tafiya a hankali babu abin da ya jarraba shi. Amma wanda totur ke kiransa a kowace kwana, ya ga hanya ta buɗe, ya tuna cewa bayan waccan motar da aka ajiye wataƙila akwai yaro, ya ɗage ƙafarsa, shi ne ya yi nasara a kan wani abu, kuma sai ya sake yin nasarar gobe da jibi. Tuƙin kullum jarrabawa ce ta kullum.

Saboda haka ban ga aibi a son motar tsere ba, ban kuma ga aibi a hawanta kowace safiya ba, muddin mai ita ya rarrabe wurare biyu. Filin tsere na gwada mota ne, titin gari kuwa na gwada direba. A filin hawa, mahayin da ake tafa wa shi ne wanda ya taho a sukwane, ya ja linzami, doki ya tsaya cak a gaban sarki ba tare da ya taka kowa ba. Wanda dokinsa ya kwace ya afka cikin 'yan kallo, komai tsadar dokin da kyan sirdinsa, ba a kiransa gwani.